Zuwa ga Edita: a gina mazubin lambobi yadda zai faɗi waye mai memori

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya.

Na karanta rubutun da kuka buga a shafinku na kimiyya da fasaha akan matasan da suke koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da nazarin bayanai, kuma naji daɗi ƙwarai da jaridar Hausa ta taɓo wannan fanni, Allah ya saka da alheri. Amma akwai wuri ɗaya da marubucin yace wai NumPy, laburaren lissafin lambobi na Python, ba komai bace illa list ɗin Python, wato jerin ajiye abubuwa na yaren, da aka ƙara wa gudu, kuma duk wanda ya iya yaren C zai iya zama ya rubuta irinta cikin 'yan kwanaki. To wannan maganar ce ta hanani yin shiru, domin ni koyar da wannan abun nake yi, kuma ina ganin yaranmu masu hazaƙa da suke son gina nasu laburaren lissafin, wasu da C++ wasu da Rust, idan suka ɗauki wannan maganar zasu fara ginin ne ta inda bai kamata ba. Haɗa lambobi da ninka su ba shine wahalar ba, kwamfuta ta iya wannan tun fil azal. Wahalar tana wajen mazubin da zaka zuba lambobin a ciki, da kuma tambaya ɗaya da mazubin ya kamata ya amsa a fili, wato wannan memorin na waye, kuma idan na taɓa shi me zai canza a wani wurin.

Bari in fara da abinda yake cikin mazubin NumPy ɗin kansa, wanda suke kira ndarray. A list ɗin Python kowace lamba mai ɗigo abu ce mai zaman kanta a wani lungu na memori, tana cin bayit 24 (bayit shine ma'aunin girman memori), sannan list ɗin yana riƙe da adireshinta wanda shima bayit 8 ne, kaga lamba miliyan ɗaya ta cinye maka kusan megabayit 32 kuma a warwatse. ndarray kuwa yana kama fili guda ne a jere ya shirya lambobin kusa da kusa, kowace bayit 8 idan float64 ce, wato lamba mai ɗigo mai bit 64, miliyan ɗaya megabayit 8 shikenan. Har nan marubucinku yana da gaskiya. Inda ya bari shine wannan filin bashi da siffa ko kaɗan, layi ne ɗaya dogo na bayit, bai san shi tebur bane ko hoto. Abinda yake bashi siffa ɗan ƙaramin bayani ne da yake zaune a gefe daban: daga ina za'a fara karantawa, wane nau'in lamba ce, tsawo da faɗi nawa, sai kuma taku, wato bayit nawa zaka tsallaka kafin ka isa lamba ta gaba ta kowace fuska.

Ka ɗauka Malam Edita muna da awon ruwan sama na ƙananan hukumomi 44 na Kano, kowace rana a shekara, kwana 365. Lamba 16,060 kenan, bayit 128,480 a jere. Idan kana son ka matsa daga yau zuwa gobe a ƙaramar hukuma ɗaya sai ka tsallaka bayit 8, idan kana son ka sauka daga wannan ƙaramar hukumar zuwa ta ƙasanta a rana ɗaya sai ka tsallaka 365 sau 8 wato 2,920. To takun teburin shine 2,920 da 8. Yanzu kace kana so a juya maka teburin, kwanaki su koma layin kwance ƙananan hukumomi su koma layin tsaye, wallahi ko bayit ɗaya ba za'a ɗaga daga inda yake ba, sabon ɗan bayani kawai za'a rubuta a musanya takun ya koma 8 da 2,920. Kace watan Agusta kaɗai kake so, idan sunan teburin ruwa sai ka rubuta ruwa[:, 212:243], sai a matsar da wurin farawa gaba da bayit 1,696, a ce faɗin ya koma 31, taku yana nan yadda yake. Kana so a karanta maka daga ƙarshen shekara zuwa farko, sai a sa wa takun alamar ragi. Duk waɗannan tagogi ne da kake leƙa fili ɗaya ta cikinsu, kuma ko teburin na gigabayit goma ne buɗe tagar bazai ɗauki lokacin da zaka lura dashi ba. Wannan raba filin ajiya da tagar leƙawa shine ainihin dabarar, kuma duk wanda zai gina laburare bai fahimci wannan ba to zai ƙare yana kwafar bayanai a kowane motsi har memori ya cika.

Kuma ba rana ɗaya aka kai ga haka ba. Jim Hugunin ne ya fara Numeric, kakar NumPy, a 1995 yana ɗalibi a MIT ta Amurka, daga baya mutanen cibiyar da take kula da ayyukan kimiyya na madubin Hubble a Baltimore suka ga Numeric bata ɗaukar manyan hotunansu yadda suke so sai suka rubuta tasu mai suna Numarray, wadda ta iya da manyan bayanai amma tafi jan ƙafa akan ƙanana, sai jama'a suka rabu gida biyu, wanda ya rubuta kod ɗinsa akan wannan mazubin bazai iya miƙa wa mai wancan ba sai an sha wahala. Travis Oliphant ne ya zauna a 2005 ya haɗe su, NumPy 1.0 ta fito a 2006. Shekara goma sha ɗaya kenan daga farawa, kuma rigimar duk akan fasalin mazubi ce ba akan lissafi ba.

To amma nan ne nake da ƙorafi akan ita NumPy ɗin, duk da son da nake mata. Ta raba fili da taga a cikinta amma ta basu suna ɗaya a waje, dukkansu ndarray ne, idan aka miƙo maka ɗaya bazaka san ko mai fili ne ko taga ba sai ka tono base ko flags ɗinsa, wato bayanan da suke nuna waye mai filin, kuma mutum nawa ne suke tonowa. Naga wata ɗaliba mai ƙoƙari sosai da ta yanko watan Agusta kamar yadda na nuna a sama ta sa masa suna agusta, tana son ta mayar da milimita zuwa santimita domin zanen da zata yi sai ta rubuta agusta /= 10, zane ya fito daidai ta wuce, can da tazo lissafin jimillar ruwan shekara sai taga adadin ya faɗi ƙasa warwas har ya zama kamar anyi fari, ta duba fayil ɗin asali lafiyarsa lau, ta sake duba kod ɗinta layi layi babu inda ta taɓa sunan ruwa, har ta fara zargin kwamfutar. Alhali rabawar da tayi ta cikin taga ta shiga babban teburin ta rage watan da yafi kowane wata ruwa da kashi tara cikin goma. Kamar wanda ka ba aron gona ne yana zaton tasa ce, duk abinda ya shuka ko ya tuge a gonarka yake faruwa. Kuma ba laifinta bane, domin a list ɗin Python da ta fara koya yanka yana bada kwafi ne, irin rubutun ɗaya sak amma hali daban.

Abun ma bai tsaya nan ba. Idan ka yanka da alamar ɗigo biyu taga zaka samu, idan ka zaɓo da jerin lambobi kamar ruwa[[0, 5, 9]] ko da sharaɗi kamar ruwa[ruwa > 50] kwafi zaka samu, domin babu takun da zai iya bayyana irin wannan zaɓen. reshape kuma, wato umarnin canza siffar tebur, wani lokacin taga wani lokacin kwafi, ya danganta da yadda bayanan suke kwance a wannan lokacin, wato kod ɗaya zai iya canza hali saboda wani can baya ya juya teburin kafin ya miƙo maka. Wannan ruɗanin ne ya gangara har cikin pandas, laburaren Python na teburan bayanai da aka gina akan NumPy, duk wanda ya taɓa aiki da ita ya san wannan jan gargaɗin na SettingWithCopyWarning da ya riƙa fitowa mutane suna rufe ido su wuce, har saida masu pandas suka kawo tsarin da komai zai zama kamar kwafi amma ba za'a kwafa da gaske ba sai lokacin da aka zo rubutu akai, wanda ana iya kunna shi a zubi na 2.0 da ya fito a 2023. MATLAB, wata manhajar lissafi, dama haka take yi tun da daɗewa.

Akwai ɗaya ɓangaren kuma da yafi shafar mu nan da yawancin ɗalibai suke fama da laftof ɗin hannu mai memori gigabayit 4. Ka loda bayanai na gigabayit 2, ka yanko layi goma kacal da kake buƙata, ka goge sunan babban kana murna ka samu wuri, amma memorin bazai saku ba domin 'yar tagar nan tana riƙe da dukkan filin, muddin tana raye shima yana raye. Sai kwamfuta ta fara nishi mutum bai san dalili ba. Maganin kalma ɗaya ce, copy, amma sai wanda ya san akwai ciwon ne zai nemi maganin.

Shi yasa ni a ganina waɗanda suka zo daga baya sunfi kyautawa a wannan gaɓar. A yaren Julia yanka kwafi yake baka, idan taga kake so sai ka faɗa da bakinka ka rubuta view. A laburaren ndarray na Rust nau'i daban daban ne, Array mai fili, ArrayView mai leƙawa kawai, ArrayViewMut mai leƙawa da iznin rubutu, kuma kamfaila, wato manhajar da take fassara kod zuwa yaren inji, bazai bari ka riƙe taga bayan filin ya mutu ba ko ka buɗe tagogin rubutu biyu akan wuri ɗaya. A C++ ma da suka zo saka abun a ƙa'idar yaren ta 2023, mdspan suka saka, wanda taga ce zalla bata mallaki komai ba, ta fito ne daga aikin Kokkos na ɗakin binciken Sandia a Amurka. Na san masu cewa ai wannan yana ƙara wa mai amfani nauyi, masanin kimiyya yana son ya rubuta lissafinsa ne ba ya tsaya tantance nau'i uku ba, kuma sauƙin nan ne ma yasa NumPy ta mamaye duniya har da ita akayi aikin hoton baƙin ramin sararin samaniya da aka nuna a 2019. Ban musa ba. Amma wanda zai fara gini yau bashi da uzurin tsohon kod da zai karye, kuma nauyin rubuta kalma ɗaya ba ɗaya yake da nauyin sakamakon bincike da ya gurɓace babu wanda ya sani ba.

Sai dai kar wani ya fahimceni cewa yawan nau'i shine alheri. Rabawa akan mallaka daban, rabawa akan ma'anar lissafi daban. NumPy ta gwada ta biyun da np.matrix, wani mazubi na musamman da kullum yake da fuska biyu kuma alamar * a cikinsa ninkin matiris take yi, alhali a ndarray * tana ninka kowace lamba ne da takwararta. Sai ya zama ka rubuta aiki kana tsammanin ndarray wani ya miƙo masa matrix, babu kuskuren da zai fito a allo, amsa ce kawai zata fito daban. Shekara da shekaru ana wannan har saida Python 3.5 ta kawo alamar @ a 2015 domin ninkin matiris, daga nan NumPy ta fara cewa a daina amfani da matrix, SciPy ma, laburaren kimiyya da yake kan NumPy, da ta gina mazubanta na matiris masu yawan sifili akan wancan halin saida ta fara kawo sababbi masu halin ndarray a 2022. Ashe matsalar ta rashin alama ɗaya ce aka je aka ƙirƙiro mazubi guda saboda ita, kuma cire shi yafi saka shi wuya nesa ba kusa ba.

Maganar ko layin kwance ake fara jerawa kamar C ko layin tsaye kamar Fortran da MATLAB da Julia, wannan bazan daɗe akai ba duk da nasan matasa suna son musu akanta. Idan kana da taku duka biyun zaka iya ɗauka, kuma dole ka iya, domin LAPACK da ta fito a 1992 wadda har yau kusan kowa ita yake kira idan zai warware lissafin matiris da Fortran aka rubuta ta. Abinda kawai zaka kiyaye shine furosesa tana ɗebo memori ne dunƙule dunƙule, galibi bayit 64 wato float64 takwas, to idan kana bin fuskar da takunta 8 ne duk abinda aka ɗebo zaka ci, idan kana bin mai 2,920 ɗaya zaka ci a zubar da bakwai.

Wanda nake so a tsaya akai shine girman lamba. Kafin NumPy 2.0 ta fito a watan Yunin 2024, idan ka zuba lambobi marasa ɗigo baka faɗi nau'i ba, a Linux da Mac bit 64 zaka samu amma a Windows bit 32, kuma mu nan Windows ce a hannun kusan kowa. Iyakar bit 32 shine 2,147,483,647. Wanda yake lissafin kuɗi da kobo domin ya guje wa ɗigo, wanda kuma shine daidai, da jimilla ta haura naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai sai lambar ta zagayo ta koma ragi, shiru babu gargaɗi, kuma abokin aikinsa mai Linux ya gudanar da kod ɗin ya samu amsa daidai su zauna suna musu waye yayi kuskure. Wannan ya samo asali ne daga jingina girman lambar da long na yaren C wanda girmansa ya danganta da injin da kake kai, shawara ce da ta yi kama da ƙarama ranar da aka yanke ta amma ta kai 2024 kafin a gyara. Duk mai gina mazubi dan Allah ya tsayar da girma ɗaya a ko'ina.

Haka shimfiɗawa, wato yadda ake barinka ka haɗa tebur mai 44 da 365 da layi ɗaya mai 365 ba tare da ka kwafi layin sau 44 ba. A ciki taku sifili kawai ake sawa, ana ta karanta wuri ɗaya, dabara ce mai kyau ƙwarai ina sonta. Amma ka ɗebe layin tsaye mai lamba 50,000 daga layin kwance mai lamba 50,000 bisa kuskure, maimakon a ce maka siffofin basu dace ba sai a shimfiɗa maka tebur mai 50,000 sau 50,000, gigabayit 20 kenan. Idan kayi sa'a kwamfuta ta ƙi, ka gane. Idan bayanan ƙanana ne kuwa sai ya wuce ka ɗauki matsakaici ka samu lamba mai kama da gaskiya. Da ni ne da sai in bar shimfiɗa lamba ɗaya tilo akan tebur ya tafi kai tsaye, amma duk inda sakamakon zai fi duka abubuwan biyu girma a tilasta wa mutum ya nema a fili.

Na ƙarshe shine gurbin da babu komai, kuma wannan duk wanda ya taɓa riƙe bayanan asibiti ko na makaranta ko na ruwan sama ya san rabin aikin kenan, ranar da ba'a auna ba, fom ɗin da aka bar shekaru ba'a cike ba. ndarray bashi da hanyar cewa nan ba'a sani ba. Akwai NaN, alamar da take nufin ba lamba ba, amma a lambobi masu ɗigo kaɗai take, kuma asalinta a ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 domin lissafin da bashi da amsa aka yi ta kamar sifili raba sifili. Shi yasa a pandas layin shekarun mutane da gurbi ɗaya ya ɓace sai kaga duka ya koma 34.0 da 27.0, wasu kuma suna cusa -999 a gurbin su manta, wani ya zo ya ɗauki matsakaici da ita a ciki. Yaren R tun farko yana da NA har a lambobi marasa ɗigo. Masu NumPy sunyi muhawara mai zafi akan wannan a wajajen 2011, har aka rubuta kod ɗin aka saka sannan aka cire kafin ya fita domin an kasa daidaitawa akan ko a keɓe wata lamba ta musamman ko a ajiye wani ɗan tebur a gefe mai nuna inda babu. Apache Arrow, wani tsarin ajiye teburan bayanai a memori da ya zo a 2016, ya zaɓi na biyun, bit ɗaya ga kowane gurbi, wato akan lamba miliyan ɗaya kilobayit 125 kacal zaka ƙara. Wannan abu ne da idan baka sa shi a tushen mazubin ba tun ranar farko to bazai shiga daga baya cikin sauƙi ba, domin kowane aiki da aka riga aka rubuta, jimilla da matsakaici da jerawa, sai an koma an koya masa yadda zai yi da gurbin.

Roƙona gareka Malam Edita shine idan zaku sake taɓo wannan fanni ku ba marubucin fili ya nuna wa masu karatu taku da taga da misali ko da guda ɗaya ne, kuma masu koyarwa a cibiyoyin horaswa su sa ɗalibi ya buga strides, wato taku, da base da np.shares_memory mai nuna ko mazubai biyu suna kan fili ɗaya, da hannunsa tun a makon farko kafin a kai shi ga zane zane da koyon inji. Masu shirin gina nasu laburaren kuma ina shirye in duba musu fasalin mazubinsu ta hannun jaridarku idan kun amince ku haɗa mu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Mai koyar da lissafin kwamfuta, daga Zariya.